Hantar Talibambam

Litinin, 17 ga Nuwamba, bayan an tashi kasuwa

Kabeji ya cika gari. Daga ƙofar kasuwa har layin masu kifi babu wurin sa ƙafa, ko'ina tulin kabeji ne da buhunan gishiri da jan barkono, mata suna ta rige-rigen haɗa kimcin hunturu, kabejin da ake tsumawa da gishiri da barkono, kafin sanyi ya kankama. Ni dai kakata ta yanke saƙa, don duk wadda ciniki ya gajiyar a gabana take tsayawa ta ci wainar hotok da zafinta. Tun safe nake cusa sukari da kirfa a ƙulli ina dannawa a tanda, har yatsuna sun daina jin zafin mai.

Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Rumfar Yaya Dok-im tana kallon tawa. Tun ina budurwa take fiɗar kifin talibambam tana miya da shi, takardar izininta ma da ke bango ta yi ja don tsufa. A duk garin Tongyong babu wanda ya taɓa yin ko ciwon kai da miyarta. Ƙa'idarta ɗaya ce: kai nawa, hanta nawa. In ta gama yanka sai ta jera kawuna gefe, hanta da ƙwai gefe, ta ƙirga su zo daidai, sannan ta zuba su a jan bokiti ta danna kwaɗo. Dafin kifin nan a hanta da ƙwai yake, ɗan abin da za a ɗora a kan farce ya isa ya kwantar da ƙato.

Yau na shiga aron ludayi, ita tana waje tana amsa waya. Na ga hanta guda a cikin farin kwano, kwanon wankakken nama.

Na ɗauke ta. Na sake wanke naman a famfo har hannuna ya ƙage. Na fito da ludayina.

Gajiya ce. Kowa a gajiye yake a wannan wata.

Talata, da hantsi

Kyaftin Namgung ya zo kamar kullum. Tun da ya sayar da jirginsa na ruwa ba shi da aikin da ya wuce ya sha miyar Yaya da safe, ya tsallako wajena ya ci hotok ɗaya, ya je bakin ruwa ya yi ta kushe yaran yanzu. Da ya ajiye cokali ya shafa ciki ya ce, "To, mai miya, yau ma na tsira."

Yaya ta ce, "Gobe ka dawo in sake gwadawa, tsohon banza."

Kowa ya yi dariya. Shekara da shekaru suke wannan wasa. Ni ma na yi dariya.

Alhamis, da yamma

Maman Hyon-u mai sayar da kawa, naman tekun nan mai ɓawo, ta zo wai jin ɗumin tandata. Bakinta ba ya rufuwa sai in tana barci, kuma ko nan ban tabbata ba. Tana tauna hotok tana cewa, "Ke mai hotok, yayarki lafiya kuwa? Mijina ya ce jiya wajen gwanjon kifi ta ɗaga hannu za ta yi tayi, sai ta tsaya tana kallon yatsunta kamar na aro ne. Sai da mai gwanjo ya kira sunanta."

Na ce sanyi ne, yatsu kan ƙage.

Ta ce, "Oho. Ni dai na faɗa." Ta ƙara ɗaukar hotok ɗaya ba ta biya ba. Na bar ta, don ta tafi.

Da ta tafi na tuna ran Lahadi Yaya ta tambaye ni ko na kai wa Inna abinci. Innarmu da ta rasu tun Tae-sok, ɗan Yaya, yana makarantar firamare. Na ce, "Yaya, wace Inna?" Ta kalle ni, sai ta yi tsaki ta ce wasa take yi, ni ce ba na gane wasa.

Wataƙila wasan ne.

Juma'a, da sassafe

Ban kunna tanda ba sai da Yaya ta gama fiɗa. Na tsaya a bayanta ina ɓare mata tafarnuwa, idona a kan kwanoni. Hannunta dai hannunta ne. Wuƙa na tafiya kamar ruwa, ta zare fata, ta cire ido, ta ɗebe ciki ba ta huda komai ba. Ta ƙirga. Ya zo daidai.

Na ji kunyar kaina.

Asabar

Ya zo daidai.

Lahadi, da azahar

Baƙi sun cika kasuwa, motoci manya daga Seoul. Matasa sun yi layi a gabana suna ɗaukar hoton hotok kafin su ci, har ya huce. Wata yarinya ta tsaya gaban kwandon kaguwa tana ihu duk lokacin da ɗaya ta motsa, mai kaguwa ya ce mata, "'Yata, in kin ga ba ta motsi, ita ce abin gudu."

Na kasa barin tanda. Daga inda nake ina hango kan Yaya kawai, da tururin tukunya. Duk kwanon da ya fita sai na bi shi da ido har teburi. Na ƙona hotok ba adadi. Wani mutum ya ce, "Inna, wannan gawayi kika ba ni?" Na ba shi wani.

Babu abin da ya faru. Ina rubutawa don in gani da idona: babu abin da ya faru.

Talata, 25 ga wata, da yamma

Mun yi faɗa da Yaya.

Na shigo da tafarnuwata kamar kwanakin nan, sai ta ajiye wuƙa ta juyo. "Mal-suk, tafarnuwar da kika ɓare mini ta ishi garin nan har bazara. Me kike nema a bayana?"

Na ce taya ta nake yi.

"Taya ni? Ke da ko kifin gwangwani ba ki iya buɗewa? Ko an ɗauke ki aikin ɗan sanda ne ban sani ba?"

Na ce, "Yaya, kin gaji, shekaru sun ja. Me zai hana ki huta wata ɗaya, ki je wajen Tae-sok ki ga jikoki?"

Fuskarta ta canza. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, abin da ya fi ihunta ban tsoro. "Da wuƙar nan na biya kuɗin makarantarki. Da ita na aurar da ke. Da mijinki ya mutu, da ita na saya miki tandar da kike taƙama da ita. Yau ke ce za ki ce mini in huta? Fita."

Na fita. Duk gaskiya ta faɗa. Ina da shekara tara Inna ta kwanta ciwo, Yaya ce ta zame mini uwa. Ban taɓa ce mata a'a ba, ban ma san yadda ake fara faɗinta ba.

Laraba, da safe

An tsinci kyanwar layinmu a mace bayan ɗakin ƙanƙara. Mai dabbare-dabbaren nan da ke kwana ƙarƙashin teburin Maman Hyon-u. Ba rauni a jikinta, ta miƙe kawai, ido a buɗe.

Maman Hyon-u ta yi kuka har da majina. Ta ce maganin ɓera ne, masu shinkafa ne suka sa. Mijinta ya ɗago kai. Ya kalli rumfar Yaya, ya kalle ni, ya ci gaba da fasa kawa.

Na zagaya baya wai zubar da ruwa. Jan bokitin yana nan. Kwaɗon yana rataye a buɗe.

Na danna shi.

Kyanwa tana iya cin komai a kasuwa irin wannan.

Laraba, da yamma

Na kira Tae-sok. Yana cikin jirgin ƙasa, ina jin hayaniya. "Inna, lafiya? Mama ce?" Na ce lafiya ƙalau, kawai na ce in ji muryarsa. Ya ce aiki ya yi masa yawa, sai sabuwar shekara zai zo, in ce wa Mama ta aiko musu da kimci, na kanti ba ya ciyuwa. Na buɗe baki. Ya ce, "Inna, za mu shiga rami, waya za ta yanke."

Ta yanke. Ban sake kira ba.

Me zan ce masa? Uwarka ta manta kwaɗo? Ni ma jiya na bar gas a kunne.

Alhamis

Ba ta yi mini magana ba. Da rana Yaya ta aiko mini da miya a kwano, kamar yadda take yi in ta huce. Na gode wa mai kawowar. Na ajiye a ƙarƙashin teburi. Da aka tashi na zubar a kwata, na wanke kwanon na mayar.

Ta ce, "Gishiri ya ji?"

Na ce ya ji.

Asabar, 29 ga wata, da hantsi

Kyaftin ya tsallako wajena yana shafa baki. Ya karɓi hotok ya gatsa, ya ce, "Yau yayarki ta yi miya irin ta da. Leɓena har wani zir-zir yake yi. Da can haka muke so, mu ji ɗan cizon kifin."

Na ce, "Kyaftin, harshenka fa?"

Ya ce, "Ya ɗan yi nauyi. Ke dai ba ni ruwa."

Kofin ya suɓuce daga hannunsa.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Mijin Maman Hyon-u ne ya kira motar asibiti. Layin ya yi ƙunci, kabeji ya tare hanya, sai a kan amalanken kifi aka tura shi zuwa titi. Yana ta ƙoƙarin yin magana, bakin ba ya bin sa. Idonsa a kaina.

Yaya ta fito da ludayi a hannu tana tambaya me ya faru, wa ya faɗi.

Asabar, da yamma

Sun sa masa injin numfashi. 'Yarsa ta ce likita ya ce babu magani, sai dai a riƙe masa numfashi har dafin ya fita da kansa, in zuciya ta jure.

Sauran waɗanda suka sha miya yau fa? Na bi waɗanda na sani ɗaya-ɗaya, mai ƙanƙara, direbobi biyu, matar mai wake. Duk lafiya. Baƙin da ban sani ba, ban sani ba.

Lahadi

Kyaftin yana nan dai.

Litinin, 1 ga Disamba, da dare

Rumfar Yaya a rufe. Kasuwa ta yi wani irin shiru a layinmu. Ana ciniki, ana zuba ƙanƙara, ana kiran masu saye, amma in na ɗago kai sai in ga ido ya kauce. Matar mai wake da kullum take karyawa da hotok ta wuce ta ɗaya gefen.

Mutum biyu daga ofishin lafiya sun zo da jaka. Sun duba takarda, sun duba bokiti, sun tambayi tukunyar ran Asabar. An riga an wanke. Yaya ta amsa musu tiryan-tiryan, har ta koya wa ƙaramin yadda ake bambanta kifin da ake ci da wanda ba a ci. Da za su tafi babban ya rusuna mata.

Suka tsaya wajena. "Inna, ke da kike kallon rumfar, kin lura da wani abu?"

Mai yana ta ƙara a tanda. Na ce ni hotok nake soyawa.

Na je gidan Yaya da yamma. Ta zauna a ƙasa ta jera wuƙaƙenta a kan tawul tana kallo. Ta ce, "Na ƙirga, Mal-suk. Na tabbata na ƙirga." Can kuma ta ce, "Na ƙirga ko?"

Na dafa mata shinkafa. Ba ta ci ba.

Talata, da rana

Kyaftin ya farfaɗo. An cire injin. Na zauna a bayan tanda na yi kuka cikin tawul, mutane suna jira a layi.

Alhamis, 4 ga wata, da yamma

Na je duba shi da lemo. Ya rame, murya ta dushe, amma bakin nan yana nan. Da 'yarsa ta fita ya yafito ni.

"Na gaya wa masu jaka ni na yi wa kaina. Na ce wani yaro ya ba ni talibambam a bakin ruwa, na fiɗe shi a gida da asuba na gasa, kafin in zo kasuwa. Sun yi mini faɗa kamar ɗan yaye. 'Yata ta kwashe wuƙaƙen gidan duka."

Na ce, "Kyaftin, haka aka yi?"

Ya kalli silin. "Shekarar da jirgina na farko ya nutse da ƙanena, matar nan ta ciyar da ni hunturu guda ba ta karɓi kuɗina ko won ɗaya ba. Ba da bakina za a cire takardarta daga bango ba." Ya yi tari. "Amma ke ƙanwarta ce. Kin ji abin da na ce? Ke ƙanwarta ce."

Na ce na ji.

A mota ina dawowa na rasa ko in gode masa ko in tsine masa. Ya wanke ta tas, ya ɗora mini dutsen a ka.

Juma'a, da safe

Yaya ta buɗe rumfa.

Ta zo da sabuwar atamfar aiki, ta yi kitso, har da jan baki. Ta tsaya tsakiyar layi tana magana da ƙarfi don kowa ya ji. "Kun ji ko? Tsohon banza shi ya yanka abinsa. Mutum bai san kan kifi ba sai ya kama wuƙa. Saura kaɗan ya ɓata mini suna!"

Maman Hyon-u ta rungume ta. "Ni dama na ce! Na ce hannun Maman Tae-sok ba ya kuskure." Ita da ta fi kowa raɗa.

Yaya ta yarda da labarin, har cikin ranta. Na ga fuskarta, nauyin ya sauka. Rabon da in ga ta yi dariya haka tun kaka.

Ta yaya zan karɓe mata wannan?

Asabar

Na tsaya a bayanta. Ba ta kore ni ba, murna ta hana. Ya zo daidai.

Wataƙila Kyaftin gaskiya ya faɗa wa masu jaka, ni ya yi wa ƙarya. Wataƙila.

Lahadi, 7 ga wata, da yamma

Bari in rubuta.

Baƙi sun fi na kowane mako. Na makara, ƙullina bai tashi da wuri ba saboda sanyi, kafin in shiga wajen Yaya ta gama fiɗa, tukunya tana tafasa. Teburanta a cike. Wata ƙungiyar tsofaffi masu hawan dutse da jajayen riguna, da wasu mata da miji da 'yarsu ƙarama, uwar tana ɗaura mata tawul a wuya.

Kawuna suna jere a kan katako. Ba ta zubar ba tukuna. Na ƙirga kawuna, na ƙirga hanta. Na sake. Na duba ƙasa, na duba kwata, na ɗaga katako, na buɗe jan bokiti, wanda babu komai a ciki.

Ɗaya babu.

Na ce, "Yaya, hanta ɗaya fa?"

Ta ce, "Na ƙirga." Ba ta ko juyo ba, tana jera kwanoni a tire.

"Yaya, zo ki sake ƙirgawa."

"Mutane na jira, Mal-suk. Matsa."

Ta tsoma ludayi. Ta cika kwano na farko, ƙaramin, na yarinyar. Ta yayyafa ganye a kai.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na buge kwanon daga hannunta. Na kama kunnuwan tukunya da hannu tsirara na tuntsurar da ita a kwata. Tururi ya rufe rumfar, miya ta malala har ƙafafun mutane, yarinyar ta fashe da kuka, tsofaffin suka miƙe suna salati irin nasu. Na ji kaina ina cewa, "Ku yi haƙuri, yau babu miya. Babu miya. Ku yi haƙuri."

Yaya ta mare ni. A gaban kasuwa duka. Rabonta da dukana tun ina 'yar makaranta.

Ba wanda ya yi motsi. Sai mijin Maman Hyon-u ya taso, ya tsuguna bakin kwata, ya sa sandar tsinken kawa yana tona nama da ganyen da suka taru a kan raga. Ya daɗe. Sannan ya ɗago wani abu a kan tsinken, ya dafu ya yi fari-fari. Hantar ce. Ya nuna wa Yaya ita kaɗai, ya juya wa mutane baya.

Ta kalla. Ta daɗe tana kallo.

Ta kwance atamfarta, ta ninke, ta ajiye a kan kujera, ta fita ta bi layin masu busasshen kifi. Ban bi ta ba. Maman Hyon-u ce ta kama hannuwana ta tsoma a ƙanƙarar kawa, sai a lokacin na ga sun sale. Yau kam bakinta a rufe.

Na kira Tae-sok. Wannan karon na faɗa. Duka.

Litinin

Ya iso. Ba ta buɗe mini ƙofa ba, shi ta buɗe wa.

Laraba, 10 ga wata, da yamma

Sun je babban asibiti. An sa ta zana agogo, an ba ta kalmomi ta riƙe, an ɗauki hoton kanta. Tae-sok ya zo rumfata bayan sun dawo, ya zauna a kan akwatin ƙulli da kwat ɗinsa mai tsada. Ya faɗi sunan ciwon da ke sa ta mantuwa. Ba zan rubuta shi ba.

Ya ce, "Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba ran da kika kira?"

Na ce jirgi ya shiga rami.

Ya rufe fuska da hannu. Na ba shi hotok, na naɗe hannuna da bandeji na soya. Ya ci yana kuka kamar lokacin da yake ɗan yaro, sukari yana zuba a kan taye.

Zai tafi da ita Seoul. Akwai ɗaki, akwai likita kusa. Ya cire takardar daga bango da kansa. Inda take, fentin ya fi sauran haske.

Juma'a

Ba ta yi mini magana ba. Na aika da kunun kabewa, ya dawo yadda ya tafi.

Kyaftin ya fito daga asibiti. Ya zo ya tsaya gaban rufaffiyar rumfa da sandarsa, ya daɗe, sannan ya tsallako. Bai yi wasa ba. Ya ce, "Hannun ya yi sauƙi?" Na ce ya yi. Ya ce, "To." Ya ci rabin hotok ya tafi.

Asabar, 13 ga wata, da yamma

Dusar ƙanƙara ta ɗan sauko da safe, abin da ba kasafai muke gani ba a nan bakin teku. Ba ta kwanta ba, tana taɓa ƙasa take narkewa.

Da hantsi sai ga Yaya ta shigo ta babbar ƙofa, da doguwar rigar fita da jaka a hannu, Tae-sok yana biye da kwando. Tun da nake ban taɓa ganin ta shigo kasuwar nan ta ƙofar masu saye ba.

Ta bi layi-layi a hankali. Ta sayi busassun ƙananan kifi, ta ɗanɗana, ta ce wa mai shi na bara ne, ya rantse, ta ce ya rage, ya rage. Ta sayi ganyen ruwa da jatan lande mai gishiri. Ta tsaya wajen Maman Hyon-u ta sa aka fasa mata kawa ta sha a tsaye. Maman Hyon-u ta ƙi karɓar kuɗi, Yaya ta ce, "Karɓi, ke da ba ki taɓa biyan hotok ba, kada ki fara kyauta yau ki mutu." Aka yi dariya, wasu suna share ido. Duk inda ta wuce sai an cusa wani abu a kwandon, har Tae-sok ya koma riƙewa da hannu biyu. Rumfarta kuwa ko kallo ba ta yi ba.

Ni ce ta ƙarshe. Ta tsaya gaban tanda kamar baƙuwa. Ta ce, "Ba ni biyu."

Na saka ƙulli. Hannuna da bandeji, na kasa danna shi daidai. Tana kallo.

Ta ce wa Tae-sok ya je ya kai kaya mota. Da ya tafi ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun farkon kabeji. Na ga hanta a farin kwano."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru."

Ta gyaɗa kai. Idonta yau tas yake, Yayata ce sak, wadda na sani.

"Marin da na yi miki, na tukunya ne, kuma ban kyauta ba. Tukunya kin yi daidai." Ta karɓi hotok ɗin a kofin takarda. "Abin da ban yafe ba, kin bari sai da Namgung ya sha. Ni na rene ki, ban koya miki tsorona ya fi ran mutum ba. Da ke ce a bayan wuƙar, ran farko zan kifar da ke da tukunyar."

Na ce, "Na sani, Yaya."

"Ba ki sani ba. Yanzu dai kin sani." Ta hura hotok ɗin. "Ki riƙe wannan, don ni ba lallai in riƙe ba. Nan gaba in na tambaye ki me ya sa aka rufe rumfata, kada ki ce mini gajiya ce. Ki faɗa mini gaskiya. Ko sau nawa na tambaya."

Na ce to.

"Ki ce kin yi alkawari."

Na yi.

Ta miƙo mini ɗaya daga cikin biyun. Muka ci a tsaye, tanda a tsakaninmu. Sukari ya ƙona mata baki, ta zage ni. Tae-sok ya yi hon daga titi.

Talata, 16 ga wata, da safe

Yaya ta kira daga Seoul ina cikin kunna tanda. Ta ce ɗakin da zafi, kimcinsu ba ya ciyuwa, jikokin ba sa gaisuwa. Sannan ta ce, "Mal-suk, wai wa ke buɗe mini rumfa kwanan nan? Me ya sa ma na taho?"

Na kashe gas. Na jawo akwati na zauna. Na faɗa mata.